Daren da Ɗaki Ya Yi Nisa: Tarihin Gizon da Ke Zuwa a Bakin Barci

Ina da shekara takwas ko tara lokacin da abin ya fara zuwa mini. A ɗakin Umma nake kwance cikin gidan sauro, zazzaɓi ya kwana biyu a jikina, an ɗauke wuta, fitilar ƙwai ce kawai ke ci a kan kabet. Barci ya fara fizgata ke nan sai na ga jeren kwanukan Umma sun ƙanƙance, sun koma kamar marafan kwalbar lemo. Ƙofar ɗakin, wadda taku huɗu ne tsakanina da ita, ta ja da baya har ta zama kamar ana hango ta daga ƙarshen layinmu. Babu abin da ya motsa daga inda yake, amma komai ya yi nisa. Abin da ya fi tsorata ni shi ne hannuna. Na ji babban yatsana ya kumbura ya kai girman turmi, harshena ya cika mini baki, amma da na ɗaga hannun na duba sai na gan shi yadda na san shi.

Na kira Umma. Ta taɓa goshina ta ce, "Zazzaɓi ne, rufe ido ka kwanta." Na ce, "Umma, kin yi nisa." Ta ce, "Ga ni nan kusa da kai, wane irin nisa kuma?" Ta yi mini addu'a, ta ci gaba da yi mini fifita. Da safe na ji tana gaya wa Gwaggo cewa jiya na kwana ina sambatu. Ni kuwa na san ba sambatu na yi ba, domin ina cikin hankalina sarai. Daga ranar na kama bakina. Abin ya ci gaba da zuwa jefi-jefi, wani lokaci ma babu zazzaɓi, har na kai wajen shekara goma sha biyar. Na san dannau, ana labarinsa a makaranta, wanda yake danne mutum ya kasa motsi. Na san magagin barci. Nawa bai yi kama da ko ɗaya ba, don haka na yanke a raina cewa wani guntun hauka ne Allah ya jarrabe ni da shi ni kaɗai, kuma gara in ɓoye.

Sai da na haura shekara talatin na gano cewa abin yana da suna. Ina aikin wata manhaja ce da za ta riƙa auna girman kaya daga hoton waya, na shiga karance-karance kan yadda idon mutum ke gane girman abu, sai na ci karo da bayanin daren nan nawa a rubuce, kamar wani ya leƙa ɗakin Umma. Likitoci suna kiran sa larurar Alis a Ƙasar Al'ajabi. Wannan rubutu tarihin yadda aka yi ya samu wannan suna ne, da irin mutanen da suka yi ta kewaya shi tsawon ƙarnuka kafin a kai ga haka.

Ido ba ya auna girma

Tun fiye da shekara 2,300 da suka wuce, Aristotil ya rubuta wata ƙaramar maƙala kan mafarki. A ciki ya lura cewa idan mutum ya natsu ya kula da kansa a daidai lokacin da barci ke ɗaukarsa, zai iya kama wasu siffofi suna gilmawa a idonsa alhali bai gama yin barci ba. Ya ambaci yaran da ke ganin siffofi na motsi a cikin duhu idonsu biyu, har su lulluɓe kansu don tsoro. Ya kuma ambaci masu zazzaɓi da ke ganin dabbobi a jikin bango saboda 'yan layukan da ke jikinsa. Wato abubuwa uku da suka haɗu a darena, yarinta da zazzaɓi da bakin barci, tun a wancan zamani an san suna tafiya tare.

Amma wanda ya zurfafa wajen warware asalin matsalar girma da nisa shi ne Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya rayu a Alƙahira. Tsakanin wajen 1011 da 1021 ya rubuta Kitabul Manazir, littafi mai juzu'i bakwai kan haske da gani. Ya nuna cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo, sannan ya tsaya kan wata tambaya mai wuya. Mutumin da ke tsaye taku goma daga gare ka, siffarsa da ke shiga idonka rabin ta wanda ke taku biyar ce. Me ya sa ba ka ganin sa a matsayin wada? Amsar da ya bayar ita ce hankali ne ke haɗa abu biyu ya fitar da hukunci: faɗin siffar da ta shiga ido, da kuma nisan da ya ƙiyasta. Shi kuma nisan, ana ƙiyasta shi ne daga abubuwan da ke jere tsakaninka da abin, kamar ƙasa da bango da itatuwa. Idan babu waɗannan, hukuncin sai ya karkace. Da wannan ya bayyana dalilin da ya sa wata ɗan daren sha huɗu ke zama ƙato idan yana fitowa ta bayan gidaje, ya koma ƙarami idan ya hau tsakiyar sama, alhali girmansa bai sauya ba. Mai karatu na iya gwadawa da kyamarar wayarsa, zai ga watan girmansa ɗaya a hotunan biyu.

Mu masu rubuta manhaja kullum muna karo da wannan. Hoto ɗaya daga kyamara ɗaya ba ya ɗauke da girman abu. Motar wasan yara da aka ɗauka daga kusa da motar gaske da aka ɗauka daga nesa za su iya cike wuri ɗaya a fuskar waya. Dole sai ka ba kwamfuta wani abin da ta san girmansa, ko ka ba ta nisan, kafin ta iya lissafi. Ƙwaƙwalwar mutum ma lissafin take yi, sai dai tana yin sa da sauri har ba ma sanin ana yi.

A 1881 wani likitan ido ɗan ƙasar Suwizalan, Emil Emmert, ya nuna haka ta hanyar da kowa zai iya maimaitawa. Ka ƙura wa taga mai haske ido na rabin minti, sannan ka dubi tafin hannunka. Za ka ga inuwar tagar 'yar ƙarama a tafinka. Ɗaga kai ka dubi bango mai nisa, sai inuwar ta zama babba. Tabon da hasken ya bari a cikin idonka bai sauya ba, nisan da ƙwaƙwalwa ta ɗora shi a kai ne ya sauya.

Masu gadin bakin barci

A ƙarni na 19 ne masana a Turai suka fara ɗaukar ɗan lokacin nan na tsakanin farke da barci a matsayin abin nazari. A 1826 Johannes Müller, matashin masanin aikin jiki a Jamus mai shekara 25, ya fitar da littafi kan siffofin da ido ke gani ba tare da akwai su ba. Da kansa ya yi misali. Ya ce tun yana yaro, idan ya rufe ido zai yi barci, yakan ga fuskoki da dabbobi da ɗakuna masu haske suna bayyana suna ɓacewa.

Wanda ya raɗa wa lokacin suna shi ne Alfred Maury, wani malami Bafaranshe. A 1848 ya ƙirƙiro kalmar hifnagojik daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya mai nufin barci, ɗaya mai nufin jagora, wato abin da ke yi wa mutum jagora zuwa barci. Maury ya mai da gadonsa ɗakin gwaji. Yakan sa wani ya zauna kusa da shi, da zarar ya fara gyangyaɗi a taɓa shi da gashin tsuntsu ko a shaƙa masa turare, sannan a tashe shi ya faɗi abin da ya gani. Da aka shaƙa masa wani turare, sai ya tsinci kansa a shagon mai turare a Alƙahira. Ya tattara waɗannan a littafinsa kan barci da mafarki da ya fito a 1861. Abin da Maury ya tabbatar shi ne lafiyayyen mutum mai cikakken hankali na iya gani da jin abin da babu shi a wannan ɗan tsakani, kuma hakan ba alamar taɓuwa ba ce. A zamanin da ake kulle mutane a gidan mahaukata kan ƙasa da haka, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Yarinyar da ta cika ɗaki

Ranar 4 ga Yuli, 1862, wani malamin lissafi a Jami'ar Oksfod mai suna Charles Dodgson ya ɗauki 'yan mata uku, 'ya'yan shugaban kwalejinsu, yawon kwale-kwale a kogi. Don ya ɗebe musu kewa ya shiga ba su tatsuniya, ya sa wa jarumar sunan ta tsakiyarsu, Alis, mai shekara goma. Tatsuniyar ce ta zama littafin da ya fito a 1865 da sunan alƙalaminsa, Lewis Carroll.

Duk wanda ya taɓa shiga irin darena zai gane abin da ke cikin littafin. Labarin ya fara ne Alis na zaune a bakin kogi kusa da yayarta, zafi ya sa barci na fizgarta. Ta bi zomo cikin rami. Ta sha wani abu a kwalba, ta ƙanƙance ta koma inci goma. Ta ci wani ɗan kek, ta miƙe ta haura ƙafa tara, har ta riƙa hango ƙafafunta can nesa tana tunanin wa zai riƙa sa musu takalmi. A gidan zomon ta kumbura har ta cika ɗaki, hannu ɗaya ta taga, ƙafa ɗaya a mafitar hayaƙi. A ƙarshe ta farka a cinyar yayarta. Shekara casa'in mutane na karanta wannan a matsayin ƙirƙirar marubuci kawai.

A Jamus kuma, shahararriyar mai zane Käthe Kollwitz, wadda aka haifa a 1867, ta rubuta a tarihin yarintarta cewa akwai wani yanayi da ke zuwa mata inda abubuwa ke girma ko su ƙanƙance, kuma ƙanƙancewar ta fi firgita ta nesa ba kusa ba. Da na karanta wannan sai da na ajiye waya, domin ni ma haka ne. Kumburin yatsa ban tsoro ne, amma ƙofar nan da ta yi nisa ita ce ta sa na ji kamar an bar ni ni kaɗai a duniya.

Likitoci sun fara kusantowa

A farkon ƙarni na 20 aka riƙa samun guntayen amsar a wurare daban-daban. A 1909 wani likitan ƙwaƙwalwa a Faransa, Raoul Leroy, ya bayyana marasa lafiyar da ke ganin 'yan mitsi-mitsin mutane sanye da tufafi masu launi suna kai-komo a ɗaki. Ya aro musu suna daga Lilifut, tsibirin ƙananan mutane da ke cikin littafin tafiye-tafiyen Galiba na Jonathan Swift, wanda ya fito a 1726. Sai dai wannan daban ne da namu. Majinyatan Leroy suna ganin abin da babu shi ne. Mu kuwa abin da ke akwai muke gani, ma'auninsa ne ya ɓaci.

A 1911 likitoci biyu a Ingila, Henry Head da Gordon Holmes, suka kawo ra'ayin cewa ƙwaƙwalwa na riƙe da wata taswirar jiki da take sabuntawa a kowane motsi. Taswirar ce ke sa ka iya kai loma baki a cikin duhu. Tana kuma iya miƙewa ta haɗa da abin da ke jikinka, shi ya sa mace mai dogon ɗaurin ɗankwali ke sunkuyawa a ƙofar mota ba tare da ta yi tunani ba. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Holmes ya yi aiki a fagen daga a Faransa, inda ya duba sojojin da harsashi ya samu a ƙeya. A 1918 ya bayyana wasu daga cikinsu da idonsu ke gani sarai, suna gane abin da ke gabansu, amma ba sa iya faɗin wanne ya fi kusa, suna miƙa hannu su wuce abu, suna karo da gadaje. Wannan ya nuna cewa gane abu da gane nisansa aiki biyu ne a ƙwaƙwalwa, ɗaya na iya lalacewa ɗaya na nan lafiya.

Wanda ya fi kusantar darena shi ne Otto Isakower, likita a birnin Biyana na Ostiriya kuma mabiyin tafarkin Sigmund Freud. A maƙalarsa da ta fito da Ingilishi a 1938, ya tattara bayanan mutanen da, a bakin barci ko cikin zazzaɓi, ke jin wani dunƙulallen abu marar siffa yana tunkaro su, yana girma kamar zai danne su, sannan ya ja baya ya ƙanƙance. Suna jin bakinsu ya cika da wani abu mai kama da yashi, hannunsu ya kumbura, iyakar da ke tsakanin jikinsu da waje ta dushe. Isakower ya fassara abin da cewa tunawa ce da lokacin da jariri ke barci a kan nonon uwa. Masana ƙwaƙwalwa na yau ba su riƙe wannan fassara ba, amma bayanin da ya yi na yadda abin ke zuwa ya tsaya daram, kuma har yanzu ana kiran yanayin da sunansa.

Yadda sunan ya samu

A 1952 wani likita a Amurka, Caro Lippman, ya buga maƙala kan majinyatansa bakwai masu ciwon ɓarin kai. Ɗaya ta ce tana jin kunnenta na hagu ya kumbura ya fito kamar balan-balan. Wata ta ce idan tana tafiya sai ta ji ta zama gajera mai faɗi, kamar tagwayen nan masu tumbi da ke cikin littafin Carroll na biyu. Lippman ya lura cewa majinyata ba sa faɗin irin wannan sai an yi ta lallashi, don tsoron kada a ce sun haukace. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ya amsa cewa shi kansa ya yi ta jan ƙafa wajen bugawa, kuma abin da ya ba shi ƙarfin gwiwa shi ne ganin wani babban marubuci ya riga ya rubuta irin waɗannan abubuwa fiye da shekara tamanin kafin shi. Ashe likitan ma yana tsoron abin da abokan aikinsa za su ce.

Bayan shekara uku, a 1955, John Todd, likitan ƙwaƙwalwa a asibitin High Royds da ke yankin Yorkshire a Ingila, ya buga maƙala a mujallar ƙungiyar likitocin Kanada. Ya kawo majinyata shida, akasarinsu masu ciwon ɓarin kai ko farfaɗiya. Cikinsu har da matar da ke jin jikinta na girma har ya cika ɗaki. Todd ya tattara alamomin wuri ɗaya: jin jiki ko wani sashensa ya girma ko ya ƙanƙance, ganin abubuwa ƙanana ko manya, ganin su nesa ko kusa fiye da yadda suke, da jin lokaci na gudu ko yana jan ciki. Ya jaddada cewa waɗannan mutane sun san abin da suke ji ba gaskiya ba ne, kuma wannan sanin ne ya raba su da masu taɓin hankali. Shi ne ya sa wa larurar sunan Alis.

Lippman da Todd duka sun ɗauka cewa Carroll daga ciwon kansa ya ɗebo labarin. Nan masu tarihi suka rabu. Gaskiya ne Carroll ya rubuta a kundin ajiyar bayanansa na yau da kullum cewa yana ganin wasu layuka masu walƙiya kafin ciwon kai, amma wannan ya fara bayyana ne a 1885, shekara ashirin bayan fitar littafin. Masu goyon bayan ra'ayin suna kafa hujja da cewa tun a 1856 ya je ganin likitan ido kan wata matsala a idonsa na dama. Kundin shekarun 1858 zuwa 1862 kuwa, wanda da shi ne zai raba gardama, ya ɓace. Ko ma dai mene ne, sunan ya yi aikin da sunan Latin ba zai yi ba. Uwa a Ingila da aka ce mata ɗanta na da larurar Alis, nan take za ta gane abin da yaron ke ƙoƙarin faɗa mata.

Daga mutum shida zuwa dubbai

Shekaru da dama ana ɗaukar abin a matsayin larurar manya masu ciwon kai, wadda da wuya a gamu da ita. A 1977 wani likitan yara a Amurka ya ba da rahoton matasa uku da alamomin suka zo musu tare da zazzaɓin da ƙwayar cutar Epstein-Barr ke haddasawa. Daga nan rahotanni suka riƙa fitowa suna danganta abin da ƙarambau, da mura mai tsanani, da kumburin ƙwaƙwalwa, da wasu magungunan tari.

A 1989 masu bincike a Japan suka bar asibiti suka shiga makarantu. Sun tambayi ɗalibai 3,224 'yan shekara 13 zuwa 18, suka samu kusan bakwai cikin ɗari sun taɓa ganin abubuwa sun ƙanƙance ko sun girma. A aji mai ɗalibai sittin, mutum huɗu ke nan, kowanne na zaton shi kaɗai ne. A 2014 likitocin asibitin yara na Filadelfiya suka duba yara 48 da aka kawo musu da wannan koke, matsakaicin shekarunsu takwas. Kusan kashi ɗaya bisa uku abin ya biyo bayan wata cuta mai zazzaɓi ne, kusan rabi kuwa ba a gano wani dalili ba. A 2016 Jan Dirk Blom, likita a ƙasar Holan, ya tattara duk rahotannin da aka buga tun daga zamanin Todd, ya samu mutum 169 kacal. Tazarar da ke tsakanin 169 a shekara sittin da bakwai cikin ɗari a makarantun Japan tana nuna yawan waɗanda suka kama bakinsu kamar yadda na yi.

Me ke faruwa a wannan ɗan tsakani?

Hotunan ƙwaƙwalwa da aka ɗauka na wasu majinyata sun fi nuni ga wata mahaɗa da ke sama da kunne ta baya, inda saƙon ido da na taɓawa da na daidaiton jiki ke haɗuwa. A nan ake yin lissafin Ibnul Haisam, a nan kuma ake sabunta taswirar Head da Holmes. A wurin masu ciwon ɓarin kai, akwai wata igiya ta rikicewar aikin jijiyoyi da ke ratsa fatar ƙwaƙwalwa a hankali, kimanin milimita uku a minti ɗaya. Wani masani ɗan Brazil, Aristides Leão, ne ya bayyana ta a 1944. Idan ta bi ta sashen gani, mutum ya ga walƙiya irin ta Carroll. Idan ta bi ta mahaɗar nan, ana ganin ita ce ke karkata ma'auni.

To wanda ba shi da ciwon kai fa, barci kawai yake ji? Bincike biyu sun taimaka mini. Na farko a Ostireliya aka yi shi a 1999, inda aka yi wa mutane allurar kashe zafi a babban yatsa, sai suka ji yatsan ya ƙaru da fiye da rabin girmansa alhali bai kumbura ba. Duk wanda aka taɓa cire wa haƙori ya san wannan, leɓe ya yi maka kamar ya kai haɓa, ka duba madubi ka ga lafiya lau. Wato idan saƙo ya daina zuwa daga wani sashen jiki, ƙwaƙwalwa ba ta share shi daga taswira, sai ta zana shi ba daidai ba. Na biyu a birnin Liyon na Faransa aka yi shi a 2010. An gano cewa ƙwaƙwalwa ba ta yin barci gaba ɗaya a lokaci guda. Wani sashe da ke tsakiyarta mai suna talamus, wanda ta nan akasarin saƙonnin gaɓoɓi ke bi, yana riga fatar ƙwaƙwalwa yin barci da mintoci, ita ma fatar sashe-sashe take kwanciya.

Idan na haɗa waɗannan, ga yadda nake fahimtar darena. Ɗaki da duhu, don haka abubuwan da ido ke jingina da su wajen ƙiyasta nisa sun ragu. Ina kwance ban motsi, don haka hannuna ya daina aiko da sabon labari. Mai tsaron ƙofar saƙonni ya fara gyangyaɗi, amma sashen da ke lura yana nan a farke. Kowa ya san yadda shuɗin ɗigon nan na taswirar waya ke yi idan sabis ya yanke: ba ya ɓacewa, sai ya buɗe ya yi faɗi, ya riƙa yawo yana ajiye ka a unguwar da ba ka je ba. Wannan kwatance nawa ne na mai aikin kwamfuta, amma ya yi daidai da wani abu da na lura da shi tun ina yaro. Da zarar na tashi zaune na dafa bango, ko aka ƙara hasken fitila, ƙofar sai ta dawo wurinta.

Abin da ya rage gare mu

Yaranmu na shan zazzaɓi fiye da yaran Filadelfiya da na Japan, amma ba kasafai muke tambayarsu me suke gani ba. Idan yaro ya ce maka ɗaki ya yi nisa ko hannunsa ya yi ƙato, kada ka yi masa dariya, kada kuma ka firgita a gabansa. Kunna fitila, ka zaunar da shi, ka riƙe hannunsa, ka gaya masa cewa wasu ma na ganin haka kuma yana wucewa. A yawancin yara mintoci yake yi, kuma yakan daina zuwa idan sun girma. Zazzaɓin da ya kawo shi ne ke buƙatar gwaji da magani. Amma idan abin ya zo tare da jijjiga, ko sanƙarewar wuya, ko matsanancin ciwon kai, ko ruɗewar da yaro ba ya gane mutane, ko raunin wani ɓarin jiki, to a garzaya asibiti ba tare da jira ba. Haka ma babban da abin ya fara masa da girmansa, ya kamata likita ya duba shi.

Da Sallar bara na je gida, muna zaune da Umma a tsakar gida bayan isha'i, na tuna mata da daren nan, na kuma ba ta labarin Todd da Alis. Ta yi shiru tana jan carbi, sannan ta yi dariya ta ce, "Ashe kai ma? Ni ina yarinya a ƙauye, in na kwanta sai in ga ƙwaryar furar Inna ta koma kamar ludayi." Na ce, "Umma, to me ya sa ba ki gaya mini ba a lokacin?" Ta ce, "Mu a zamaninmu wa zai faɗi wannan? Sai a ce iska ta taɓa ka. Da ka ce mini na yi nisa, gabana ne ya faɗi, na ce kada in tanka abin ya zauna maka."

Ɗana na fari yanzu shekararsa shida. Na riga na gaya wa mahaifiyarsa abin da za mu ce masa idan ya kira mu cikin dare.